Yaron da ba a taɓa kiran sunansa ba

A ranar rabon kyaututtuka, sunaye kaɗan ake kira daga kowane aji, sauran yara kuwa aikinsu tafi. Haka nan idan sakamakon BEPC ko Baccalauréat ya fito, a gidan wanda ya ci ake rangaɗa guɗa. Yabon gwani ya zama dole, ba mu ja da wannan ba. Abin da ya dame mu shi ne yaron da zai shekara goma a makaranta ba a taɓa kiran sunansa a gaban jama'a don wani alheri ba.

Irin wannan yaro yana da yawa a Briqueterie. Da Hausa ya tashi a gida, da Larabci yake karatun allo, da Faransanci ake auna basirarsa a aji. Idan harshensa ya sarƙe aka yi masa dariya, sai ya koma kujerar baya ya kama bakinsa. Shirun nan yakan zama ɗabi'a, har ya yarda cewa shi ba kowa ba ne. Daga nan zuwa barin makaranta tafiyar ba nisa.

Ga wani tsari da ya dace mu duba. A shekarar 1956 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, tare da malaminsa Kurt Hahn, suka kafa Lambar Yabo ta Duke na Edinburgh, wadda yau ake gudanarwa a ƙasashe fiye da 100 domin matasa 'yan shekara 14 zuwa 24. Matakanta uku ne: tagulla, azurfa da zinariya. A kowane mataki matashi zai yi abubuwa huɗu: hidimar jama'a ta sa kai, koyon wata sana'a ko fasaha, motsa jiki, da tafiyar juriya cikin ƙungiya. Matakin tagulla yakan ɗauki aƙalla wata shida. Babu na ɗaya, babu na ƙarshe. Shi matashin ke zaɓar burinsa, wani babba ya shaida ya cika, a ba shi lambarsa.

Amfanin tsarin a bayyane yake. Wanda ya ɗauki alkawarin wata shida ya cika, ya sami hujja a hannunsa cewa yana iyawa, kuma irin wannan hujja ta fi lallashi ƙarfafa zuciya. Ya sami babban da ke tambayar inda ya kwana, ya sami abokan da suka sha wahala tare. Waɗannan su ke rage wa matashi kaɗaici da ƙuncin rai.

Mu Hausawa ba baƙin wannan hikima ba ne. Saukar Alƙur'ani ba gasa ba ce. Wanda ya sauke da wuri da wanda ya daɗe, kowa allon zayyana ake rubuta masa, kowa walima ake yi masa, dangi su taru su shaida. Musabaƙa kuwa, kamar ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa a Nijeriya tun 1986, aikinta fito da gwanaye. Duka biyun muna bukata. Amma a fagen boko da sana'a mun riƙi musabaƙa mun saki sauka.

Wani zai ce yawan yabo na jawo girman kai ko riya. Tsoron yana da tushe idan ana yabon yaro a kan abin da bai wahala ba. Lambar da sai an share wata shida ana hidima kafin a same ta, tawali'u take koyarwa. Wani kuma zai ce babu kuɗi. To, abin da ake bukata yana cikin unguwar. Telolinmu da masu ɗinkin surfani da mahauta su ne malaman sana'a. Sharar kwata, wadda kowa ya san halinta da damina, da koya wa ƙanne karatu, da kula da tsofaffi, su ne hidima. Ga filayen ƙwallo, ga dutsen Fébé da na Mbankolo domin tafiyar juriya. 'Yan mata kuma a ba su jagorori mata da tsarin da iyaye za su aminta da shi, domin su aka fi mantawa ranar kiran suna.

Saboda haka muna kira ga sarakunanmu da limamai da shugabannin makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin matasa: a kafa kwamiti, a buga ɗan littafin da jagora zai riƙa sa hannu duk mako, a sa rana ɗaya a shekara. Makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu ya dace. A ranar, a kira sunan duk wanda ya cika alkawarinsa, ɗaya bayan ɗaya, a gaban iyayensa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa mu ga amfaninsu.