Kiredit A Turanci: Ikkilisiya Ma Tana Da Aiki A Gabanta

Kowace shekara idan hukumar WAEC ko NECO ta fitar da sakamakon jarrabawar gama sakandare, kuka iri ɗaya ake ji a gidajen 'yan'uwa daga Dambatta zuwa Bichi, daga Kunchi zuwa Tsanyawa. Yaro ya ci Lissafi, ya ci Aikin Gona, ya ci Hausa, amma Turanci ya kayar da shi. Alhali kuwa jami'o'inmu suna neman kiredit biyar ne, kuma dole Turanci ya kasance a cikinsu. Ra'ayina shi ne, yawancin yaranmu suna faɗuwa ne domin ba su saba rubuta abu na kansu ba, kuma ikkilisiya tana da ikon gyara wannan ba tare da ta kashe kuɗi mai yawa ba.

Mu fara da abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. A wannan yanki namu gona tana manne da gona, babu sauran daji da mutum zai sare. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da yawa ne suka raba ta. Ba kowane yaro ne zai rayu da gero da gyaɗa ba. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Bichi, ga Jami'ar Bayero a birni, duk suna kusa da mu. Amma yaron da Turanci ya kayar sai ya zauna gida shekara guda ko biyu, iyaye su sake sayar da akuya don biyan kuɗin jarrabawa, ko kuma a aurar da yarinya a manta da zancen karatu.

To, mene ne ake nema a wurin ɗalibi? A takardar Turanci ta WAEC ana ba shi zaɓi: ya rubuta wasiƙa, ko labari, ko jawabi, ko muhawara, ko maƙala, da kalmomin da ba su kasa 450 ba, cikin minti hamsin ko kusa da haka. Maki hamsin ne a kan wannan sashe. Goma na abin da ya faɗa, goma na yadda ya tsara shi, ashirin na iya sarrafa harshe, goma kuma na kiyaye ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure yake rage masa rabin maki. Ashe kuskure ashirin sun isa su cinye goman nan ƙurmus. Yaron da bai taɓa cika shafi biyu da maganar kansa ba, ta yaya zai yi haka a ranar jarrabawa?

Kurakuran kuwa sanannu ne, kuma daga Hausa suke tasowa. Yaro yana rikita harafin p da f. Yana barin ƙananan kalmomin da Turanci yake sa wa a gaban suna, domin Hausa ba ta da irinsu. Mukan ce "babana ya tafi", shi ya sa yakan ƙara wakilin suna bayan suna a Turanci, inda ba a bukatarsa. Yakan fara labari da lokacin da ya wuce, ya ƙare da na yanzu. Haddace ƙa'ida ba ta kawar da waɗannan. Sai yaro ya rubuta, wani ya ja masa layi da jan biro, ya sake rubutawa. Ai da koyo akan iya.

A makarantar gwamnati, malami ɗaya da aji cike da ɗalibai ba zai iya duba insha'in kowa kowane mako ba. Nan ne ikkilisiya za ta shigo. Muna da ɗakin sujada wanda yake zaune babu kowa yawancin mako. Muna da malamai masu ritaya, da 'yan hidimar ƙasa da ake turowa makarantunmu, da ɗalibanmu na kwaleji. A ware awa biyu ranar Asabar, daga bayan girbin dawa har zuwa faɗuwar ruwa, tun da jarrabawar WAEC takan zo ne a watannin Mayu da Yuni, daidai lokacin da ake neman yara a gona. Kowane yaro ya zo da littafin rubutu ɗaya. Wannan mako ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa a kan rijiyar burtsatse da ta lalace. Mako mai zuwa ya ba da labarin ranar kasuwa. Ya fara tsara maganarsa da Hausa da baki, kana ya rubuta da Turanci, domin wanda bai san abin da zai faɗa ba, babu harshen da zai cece shi. Mako ashirin a shekara, shekara uku, insha'i sittin ke nan kafin ya shiga ɗakin jarrabawa.

Wasu dattawa za su ce aikin ikkilisiya wa'azi ne, ba koyar da Turanci ba. Ina tuna musu cewa tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ajin koyon karatu yake tafiya tare da bishara a ƙasar nan. Iyayenmu da yawa a ɗakin sujada suka fara riƙe alƙalami. Daniyel ma shekara uku aka ɗiba masa don koyon harshe da rubutun Kaldiyawa, bai kuwa bar bangaskiyarsa ba. Koyon Turanci ba zai raba yaro da Hausa ko da Ubangijinsa ba.

Abin da zai raba shi da gaskiya shi ne satar jarrabawa. Abin kunya ne a ga Kirista yana tara kuɗi don a kai ɗansa cibiyar da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Dokar ƙasa ta 1999 ta mai da wannan laifi, hukumar jarrabawa takan riƙe sakamako ko ta soke shi, kuma wanda ya tsira da takardar ƙarya, ranar da aka ce ya rubuta rahoto a wurin aiki asirinsa zai tonu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Don haka ina kira ga fastoci da dattawa su sa wannan magana a taron majalisa kafin kaka ta wuce. Zumuntar Mata ta ɗauki nauyin littattafan rubutu, matasa su nemo masu koyarwa, iyaye kuma su saki yara ranar Asabar, har da 'yan mata. A buɗe ƙofa ga 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi idan iyayensu sun yarda, gama jarrabawar ɗaya ce, damuwar ma ɗaya ce. Ubangiji ya ba mu himma, ya albarkaci aikin hannun 'ya'yanmu. Amin.