Ba kowane tsufa ne ke ƙara daraja ba

1/ Duk ranar bazday sai wani ya ɗora hoto ya rubuta wai shi kamar giyar inabi ne, yana tsufa yana ƙara kyau. Haba jama'a! Tallar 'yan kasuwa ce kuka haɗiye ba ku tauna ba. Ku biyo ni.

2/ Kafin a yi min caa: ba talla nake yi ba, kowa ya san hukuncinta a Musulunci. Amma tunda muna aron maganar, ya kamata mu san gaskiyarta.

3/ Mafi yawan giyar inabi ana yin ta ne don a shanye cikin 'yan shekaru. Ajiye ta shekara 20, lalacewa za ta yi. Kaɗan ce ke jure tsufa, kuma fitacciya a ciki ita ce jar giyar Bordeaux da ke kudu maso yammacin Faransa.

4/ Ita haɗi ce ta inabi iri-iri. Cabernet Sauvignon ke ba ta ƙarfi da bauri. Merlot ke kawo taushi. Cabernet Franc ya ƙara ƙamshi, sai ɗan Petit Verdot don launi. Kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri.

5/ Baurin nan daga ɓawon inabi da ƙwayoyinsa yake fitowa, ana kiran sinadarin tanin. Shi ne ke kama maka harshe in ka ci goro ko ka sha shayin da ya daɗe a wuta. Shi da tsami ne ke tsare giyar daga lalacewa.

6/ Da shekaru baurin yana laushi, wani ya kwanta a ƙasan kwalba, launin ya koma jan bulo. In tun farko ba ta da isasshen bauri da tsami, babu abin da shekaru za su gyara. Salam za ta zama.

7/ Kuma ba zama kawai take yi ba. Sai ta yi fiye da shekara a gangar katako mai cin lita 225, sannan a kwantar da kwalbar cikin duhu, a sanyin kusan digiri 13. Bar ta cikin zafin bazara, ta gama yawo.

8/ To tsadar fa? Suna ne. A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya sa aka jera gonakin Bordeaux aji-aji don baje kolin Paris, bisa farashin wancan zamanin. Har yau da jerin ake taƙama. Babban canjin da aka yi shi ne na 1973, da Mouton Rothschild ta hau aji na ɗaya.

9/ A 1976 aka yi gasar ɗanɗano a Paris, aka ɓoye sunayen kwalabe. Alƙalai Faransawa da bakinsu suka ba wata jar giyar Kalifoniya, Stag's Leap, na ɗaya, ta doke Mouton ɗin. Da aka rufe suna, harshe ya faɗi gaskiya.

10/ Ga kuma Rudy Kurniawan. Yana gauraya giya mai araha a gidansa a Amurka, ya ɗura a tsofaffin kwalabe, attajirai suna zuba miliyoyin daloli suna yabon "tsufanta". An kama shi a 2012, aka ɗaure shi shekara 10 a 2014.

11/ Abin da nake cewa ke nan: shekaru ba sa ƙara abin da babu. Abin da aka zuba tun farko da irin ajiyar da aka yi, su suke bayyanawa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

12/ Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana 25 ba karatu, ba sana'a, ba hali, kar ka zauna jiran 40 ta gyara ka. Ko giyar da ake misali da ita ba haka take yi ba. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja, ina nan.