SANIN HAKKI: Kuɗɗin ƴan mazan jiya da rabon matansu

Cikin garuruwa da yawa na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai gidan da ake ce ma gidan Soja. In an bi asali, sai a tarar mai gidan ya yi ma Faransa aikin soja tun zamanin Nasara. Su ne ƴan mazan jiya. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Amma matansu da ɗiyansu na nan, kuma da yawa ba su san abin da doka ta ba su ba.

Ba kowa ya tafi soja da son ransa ba. Tun shekara ta 1919 Turawa suka kafa dokar ɗaukar samari aikin soja na shekara 3. Kwamanda ya faɗi yawan da yake so, sarki ya aika ƙauyuka a kawo. An kai su yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945. An kai waɗansu Madagaskar cikin 1947, waɗansu Indosin daga 1946 zuwa 1954, waɗansu Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Marigayi Seyni Kountché ma ya yi Indosin da Aljeriya kafin ya shiga sojan Nijar. Wanda ya je Aljeriya yana saurayi, yau ya wuce shekara 80.

Kuɗɗin da Faransa ke biyan tsoffin sojojinta iri uku ne. Nan mutane ke ruɗewa.

Na farko, fanshon aiki. Wanda ya daɗe cikin soja, galibi shekara 15 ko fiye, shi ke samun shi. Na biyu, kuɗɗin rauni, na wanda ya rasa ƙafa ko ido, ko ya kwaso ciwo wurin aiki. Na uku, kuɗɗin katin yaƙi. Ana ba wanda ya yi aƙalla kwana 90 cikin rundunar da ta shiga wuta, in ya kai shekara 65. Sau biyu ake biyan shi cikin shekara.

Cikin watan Disamba na 1959, ana gab da ba ƙasashen Afirka mulkin kai, majalisar Faransa ta yi wata doka. Dokar ta ce sojan da ƙasarsa ta fita daga hannun Faransa, kuɗɗinsa za su tsaya inda suke. Ba ƙari. Nijar ta samu ƴancinta ran 3 ga Agusta 1960, dokar kuwa ta hau kan ƴaƴanta. Tiyar hatsi na hauhawa, kuɗin tsohon soja na nan kamar an ɗaure jaki ga turke. Abokinsa Bafaranshe, wanda suka kwana rami guda, kowace shekara ana ƙara mishi. Harsashi dai bai tambayi kowa ƙasarsa ba. Haka aka tafi shekara 40.

Wani tsohon sarjan na ƙasar Senegal, Amadou Diop, shi ya kai ƙara. Ya yi ma Faransa aiki daga 1937 zuwa 1959. Ran 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun Faransa mai shari'a tsakanin gwamnati da jama'a ta ce yana da gaskiya, wannan bambanci zalunci ne. Shi bai ji hukuncin ba, ya rasu tun 1996.

Ko bayan haka gyaran a hankali ya zo. Cikin 2002 aka ɗan ƙara, gwargwadon tsadar rayuwa ta kowace ƙasa. Cikin 2006 aka fito da wani sinima mai suna Indigènes, kan sojojin Afirka da suka yi ma Faransa yaƙi. Shugaba Jacques Chirac ya gani. Daga 1 ga Janairu 2007 aka daidaita kuɗɗin rauni da na katin yaƙi da na Faransawa. Fanshon aiki bai samu daidaito ba sai 1 ga Janairu 2011, bayan kotun tsarin mulki ta soke tsohuwar dokar cikin watan Mayu na 2010. Amma an sa sharaɗi: don samun cikakken gyara, sai mai hakki ya rubuta ya nema, wa'adi kuwa ƙarshen 2014. Tsohon da ke bakin rijiya da shanunsa, wa ya kai mishi labari? Waɗanda suka mutu kafin nan ma, ba a mayar ma iyalinsu abin da aka tauye na shekaru ba.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Cikin 2023, na katin yaƙi kawai ya haura Euro 800 ga shekara, wato sama da jika 500. Kowane manomi ya san buhun hatsi nawa ke nan.

To, in mai gida ya rasu fa?

Kuɗɗin katin yaƙi na tafiya tare da shi. Ba a gadon su. Mata da yawa sun sha wahalar tafiya birni, sun sayar da akuya don kuɗin mota, sai a ce musu babu. Ba wanda ya ci musu, dokar ce haka.

Fanshon aiki shi ake gado. Mata na samun rabin abin da mijinta ke karɓa. In mata biyu ko uku ya bari, wannan rabin suke rabawa tsakaninsu, ba kowace da nata rabi ba. Maraya kuma na da kashi 10 cikin 100 har ya cika shekara 21. Ana duba auren: ko ya kai shekara 4, ko an ɗaura shi shekara 2 kafin mijin ya bar soja, ko kuwa an samu haihuwa. Ɗaya daga cikin ukun ya isa. Matar mai kuɗɗin rauni ita ma tana iya samun rabo, gwargwadon girman raunin.

Sai dai kuɗin ba ya zuwa don kansa. Sai an nema, kuma da takarda ake nema. Auren ƙauye, liman ya ɗaura, an raba goro, gari duka shaida ne. Amma ofishin fanshon soja, can birnin La Rochelle, bai san liman ba. Takardar aure yake so, da takardar mutuwa, da ta haihuwar yara. Wadda ba ta da su, sai ta tafi wurin alƙali da shaidu biyu a yi mata takardar shari'a mai maye gurbinsu. Mutuwa kuwa a hanzarta rubuta ta wurin magajin gari ko wurin mai rajista na ƙauye. A lura da suna. In littafin soja ya ce Mahaman, takardar aure ta ce Mamman, wannan kaɗai na iya tsayar da magana shekara guda.

Littafin sojan nan shi ne uwar takardu. Lambar mutum na ciki, da ranar shigarsa, da wuraren da aka kai shi. In gara ta ci shi ko gobara, ba a yanke ƙauna ba: ana ajiye da rajistar tsoffin sojojin Afirka cikin birnin Pau na Faransa. Da lamba, da suna, da shekarar da aka ɗauke shi, ana iya neman kwafi.

Tun farkon 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai, hanya ta ƙara nisa. Inda hanya ta yi nisa, nan ƴan damfara ke shiga. Mutum ya zo da jaka da tabarau, ya ce a ba shi littafin da jika 20, shi ya san manya. Kada a ba kowa takardar asali. A ba da kwafi. Tambaya kuwa a kai ta ofishin ƴan mazan jiya, ko ga ƙungiyarsu ta jiha, tsohuwa ta tafi da ɗanta ko jikanta mai karatu.

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci, ga aikin da zai yi tun wannan wata. Ya buɗe akwatin tsoho, ya kwafe lambar da ke shafin farko na littafin cikin takarda biyu. Ɗaya ta zauna gida, ɗaya wurin wani ɗan'uwa. Littafin kansa a naɗe shi cikin leda, a sa cikin akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa kafin ruwan farko ya sauka.