Kafin Ka Ajiye Lissafi A Aji Shida, Duba Ƙofar Da Kake Son Shiga

Tun daga watan Oktoban 2025 wata magana ke yawo a tsakanin 'yan aji shida na sakandare, daga Talata Mafara zuwa Bakura har Maradun: wai gwamnati ta yafe wa 'yan Art lissafi. Ana faɗinta a majalisa, ana tura ta a WhatsApp, mai ji ya ƙara gishiri ya miƙa wa na gaba. Idan kai ma ka fara jin daɗi a ranka kana cewa ai shi ke nan an rabu da Bukar, ƙanena, ko ke ƙanwata, to dakata tukuna mu duba abin da aka faɗa da wanda ba a faɗa ba.

Abin da ya faru shi ne, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta fitar da sabbin ƙa'idojin samun gurbin karatu a manyan makarantu. A jami'a ana buƙatar kiredit biyar, a zama ɗaya ko biyu. Turanci dole ne ga kowa. Lissafi kuwa dole ne ga masu neman kwasa-kwasan kimiyya, da fasaha, da kimiyyar zamantakewa. Mai son karanta harsuna ko tarihi ko makamantansu ne kaɗai aka ɗauke wa wannan sharaɗi. Bayan 'yan kwanaki, da surutu ya yi yawa, ma'aikatar ta sake fitowa ta yi bayani cewa kowane ɗalibi sai ya yi rijistar Turanci da lissafi kuma ya zauna jarabawarsu. Ka ga ke nan babu wanda aka ce ya cire lissafi daga takardar rijistarsa. Abin da ya rage a hannunka shi ne ka ajiye shi a zuciya, ka daina shiga aji, ka je ranar jarabawa ka yi zaman cika ƙa'ida. Wannan irin ajiyewar ce ta fi yawa, kuma ita ta fi haɗari.

Ga inda tarkon yake. A sakandare muna raba kanmu gida biyu ko uku: 'yan kimiyya, 'yan Art, wani wurin da 'yan kasuwanci. A jami'a rabon ba haka yake ba. Yawancin kwasa-kwasan da ɗan Art na Zamfara ke mafarki, irin su kimiyyar siyasa, nazarin zamantakewar al'umma da tattalin arziki, suna ƙarƙashin kimiyyar zamantakewa ne, wato ɓangaren da har yanzu kiredit a lissafi yake dole. Harkar akanta da gudanar da kasuwanci kuwa ba a ma maganarsu. Ko aikin jarida da nake karantawa, jami'o'i da dama a wannan ɓangaren suke ajiye shi, kuma ko ka shiga sai ka haɗu da ƙididdiga a darasin dabarun bincike. To ka ga mutum na iya kiran kansa ɗan Art shekara uku, ranar da zai cike fom ɗin JAMB ya tarar kwas ɗin da yake so ba ya cikin waɗanda aka yi wa rangwame.

Kuma ba jami'a kaɗai ke tambayar lissafi ba. In aka buɗe ɗaukar kuratan 'yan sanda, kiredit biyar ake nema har da Turanci da lissafi. Makarantun koyon aikin jinya da ungozoma, waɗanda 'yan matan yankinmu da yawa ke hari, suna neman Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Takardar sakamakon da za ka karɓa bana ita za ka riƙa fitarwa bayan shekara goma, lokacin da minista ya canza, ƙa'ida ma wataƙila ta canza.

Sauyi na biyu da ya ƙara dagula lissafin 'yan aji shida shi ne sabon manhajan karatu da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025. An rage yawan darussa, an mayar da na babbar sakandare takwas zuwa tara. Darussan sana'a da a da suka haura ashirin an taƙaita su zuwa shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar salula, sai noman lambu da amfanin gona. Da WAEC ta fara daidaita rijistar jarabawar 2026 da wannan tsari, iyaye da malamai suka yi ca, domin akwai ɗaliban da suka shafe aji huɗu da aji biyar suna karanta wani darasi, sai a shekarar ƙarshe aka ce babu shi a jerin. Maganar ta kai har Majalisar Dattawa, wadda a watan Disamban 2025 ta gayyaci ministan ilimi da shugaban WAEC na Najeriya su yi bayani. Darasin da za ka ɗauka a nan shi ne, kada ka dogara da abin da yayanka ya yi rijista da shi shekara uku da suka wuce. Jerin darussan bana za ka nema a wurin malamin da ke kula da rijista a makarantarku, ka gani da idonka.

Yanzu mu dawo gida. Mai ba da shawara daga Abuja ko Legas zai ce maka ka dage kawai, kamar duk ɗalibai daga wuri ɗaya suka taso. Mu mun san ba haka ba ne. Waɗanda ke aji shida yanzu suna ƙananan azuzuwan sakandare a 2021, shekarar da aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara a watan Fabrairu, aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, sannan aka kwashe ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun ranar 1 ga Satumba. An rufe makarantu a jihar, ga kuma hutun korona da aka fito daga shi ba da jimawa ba. A waɗannan azuzuwan ne ake kafa tushen lissafi, kuma lissafi kamar ginin bulo yake, in layin ƙasa ya karkace duk na sama sai ya bi shi. Saboda haka idan kana shan wuya a lissafi ko kemistiri, ba lallai ƙwaƙwalwarka ce ba ta ja ba. Watanni ne aka yanke maka a tsakiyar karatu. Ramin da aka bari ana iya cike shi, kuma cike shi ya fi sauƙi yanzu da kake cikin makaranta, da malami da abokan karatu a kusa, fiye da bayan shekara biyu kana zaune gida kana neman kuɗin sake jarabawa.

To yaya za ka yanke shawara? Ka fara daga ƙarshe ka dawo baya. Ɗauki takarda ka rubuta kwasa-kwasai uku da za ka iya amincewa da su, ba ɗaya ba, domin da yawa daga cikinmu da ke jami'a yau ba kwas ɗin da muka fara zaɓa muke karantawa ba. Gefen kowanne ka rubuta makarantar da kake iya zuwa da gaske, idan ka duba aljihun gida da halin hanya: Jami'ar Tarayya ta Gusau, Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, Jami'ar Jihar Zamfara da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Talata Mafara, Kwalejin Ilimi ta Maru, ko Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Sannan ka buɗe kundin ƙa'idojin JAMB, yana nan a shafinsu na intanet kyauta, ka kwafe darussan da kowane kwas ke nema a sakamakon sakandare, da kuma darussa huɗun da za ka rubuta a jarabawar JAMB ɗin. Duk darasin da ya fito a jerin, ko sau ɗaya ne, wannan ba na ajiyewa ba ne, komai ɗacinsa.

Bari in ba ka misali da abin da ya shafe mu kai tsaye. Yaron da ya tashi a gonakin noman rani na Bakolori, ya san shinkafa tun daga iri har zuwa buhu, yana iya ganin cewa tunda ya ɗauki darasin aikin gona ko noman lambu, to ai ya gama da kemistiri. Amma digirin aikin gona kwas ne na kimiyya, kuma kemistiri na cikin abin da ake nema. Darasin sana'a zai amfane ka, ba ya dai maye gurbin kemistiri a wurin jami'in ba da gurbi. Haka mai son karatun lauya da ya ajiye adabin Turanci saboda littattafan sun yi yawa: a jami'o'i da dama ya rufe wa kansa ƙofa ke nan. Mai son injiniya kuma da ya gudu daga fiziks, sai dai ya canza mafarki.

Kada ka ɗauka ina cewa ajiye darasi laifi ne a kowane hali. Akwai inda ajiyewa ita ce dabara. WAEC na karɓar darussa takwas zuwa tara. Idan kana ɗauke da tara, kuma na taran ba ya cikin jerin da ka fitar, ga shi ba ku da malaminsa tun zangon da ya wuce, to sauke shi ka mayar da lokacinsa kan waɗanda za a tambaye ka. Babu jami'ar da za ta ba ka gurbi don ka jera darussa tara da D7 da E8. Kiredit daga A1 yake zuwa C6, kuma guda biyar da suka dace da kwas ɗinka sun fi tara da aka watsa ƙarfi a kansu. Sai dai ka bar wa kanka rara. Wanda ya dogara da darussa biyar cif-cif, in ɗaya ya zame, shekara ta tafi. Ka riƙe na shida da na bakwai da gaske.

Akwai kuma hanyar tsakiya da yawancinmu ba mu cika amfani da ita ba. Tunda ana karɓar sakamakon zama biyu, darasin da ke ba ka tsoro kana da damar gwada shi sau biyu a shekara ɗaya, a WAEC sannan a NECO da ke biyo baya. Wannan na nufin ka tabbata yana cikin rijistar duka biyun. Ka kuma tuna makaranta na tura wa hukumar jarabawa makin gwaje-gwajen da kuka yi a aji, don haka zille wa aji da gwaji na cin ka tun kafin ranar jarabawa. Kuma ka san cewa ba kai kaɗai ke fama ba. A jarabawar WAEC ta 2025, bayan hukumar ta gyara kuskuren da aka samu a sakamakon farko, kashi 62.96 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Wato a faɗin ƙasar nan, fiye da mutum ɗaya cikin uku bai tsallake ba. Amma ka lura, mafi yawa sun tsallake, kuma ba duka ne 'yan makarantun kuɗi ba.

Idan kuma ka duba da kyau ka ga kiredit biyar ba za su samu bana ba, hanya ba ta ƙare ba. A sabbin ƙa'idojin, kiredit huɗu na iya kai ka karatun difloma a kwalejin fasaha, uku kuma karatun NCE a kwalejin ilimi, kuma daga can ana wucewa jami'a. To amma ko a nan ma, kwasa-kwasan kimiyya da fasaha na neman lissafi. Duk ta inda ka zagaya za ka same shi zaune yana jiranka.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sau da yawa ba ɗalibi ne ke ajiye darasi ba, darasin ne ke ajiye shi. Inda babu malamin fiziks, ko ɗakin gwaje-gwaje ya zama ɗakin ajiyar kujeru, an riga an yanke wa yaro shawara tun kafin a tambaye shi. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamban 2023, gwamnatinsa kuma ta biya basussukan WAEC da NECO da suka sa aka riƙe sakamakon ɗaliban jihar. Wannan abin a yaba ne. Amma biyan kuɗin jarabawa rabin aiki ne idan babu mai koyar da abin da za a tambaya. Makarantun Mafara, Bakura da Maradun na buƙatar malaman lissafi da kimiyya da za su zauna, da kuma malami ɗaya aƙalla a kowace makaranta da aikinsa shi ne zama da 'yan aji shida a duba kundin JAMB kafin a rufe rijista. Mu ma da muka riga muka shiga manyan makarantu akwai namu: in mun dawo hutu, awa biyu da ƙannenmu a kan tsofaffin tambayoyin jarabawa ba za ta rage mu da komai ba.

Kai kuma da ke aji shida, kada ka yanke wannan shawara kai kaɗai da daddare bayan ka faɗi gwaji, kada kuma ka yanke ta don abokinka ya yanke. Kai takardar nan taka mai kwasa-kwasai uku wurin malamin ajinku, ka nuna wa Baba ko yayanka da ya yi karatu, ku duba tare. Da zarar an rufe rijista, gyara sai da wahala, wani lokacin ma ba ya yiwuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka wannan makon ya kamata ka zauna ka yi wannan aikin. Allah Ya ba ku sa'a, Ya sa ku fito da sakamakon da zai buɗe muku ƙofar da kuke so.