Fim ɗin soyayyar da Kazaure ke jira

Duk ƙarshen zangon karatu, bakin titin Kano zuwa Daura da ya ratsa Kazaure yakan cika da ɗalibai masu jiran mota. Akwatuna a ƙasa, katifu a naɗe, risho a cikin bokiti. A cikinsu ba a rasa budurwar da ta kammala difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, za ta koma Gwiwa, ta kuma san an riga an fara maganar aurenta a tsakar gida. Ba a rasa saurayin da zai je Roni ya kwana biyu, daga nan ya wuce Legas ci-rani, ko Allah zai sa ya tara abin da zai kai gidan su wance kafin wani ya riga shi. Su biyun sun yi shekara biyu suna karatu a aji ɗaya, kuma mai yiwuwa wannan tsayuwar ta jiran mota ce ganinsu na ƙarshe.

Babu masana'antar da ta kai ta finafinan Hausa cancantar ba da wannan labari, kuma babu labarin da ta fi ƙauracewa kamarsa. Kannywood ta shafe fiye da shekara 30 tana sayar da soyayya, amma fim ɗin da ke bin matashi daga ƙuruciya zuwa hankali, a garin da ya yi kama da garin mai kallo, har yanzu ƙalilan ne. Matsalar tana farawa tun daga teburin marubuci, ta bi ta wurin zaɓen 'yan wasa, ta ƙare a wurin da aka kafa kyamara.

Inda aka fito

Soyayya ce ta raini masana'antar. Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, abin da ya ja hankalin masu kallo shi ne mayar da littattafan soyayya na Kano zuwa kaset, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, labarin 'yar masu kuɗi da ta nace wa ɗan talaka. A 1999, shekarar da sunan Kannywood ya fara fitowa a mujallar Tauraruwa, kamfanin Sarauniya ya saki Sangaya, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka zama abin magana a kowane zaure. Daga nan tsarin ya kafu: masoya biyu, iyayen da suka ƙi, ɗan hamayya mai kuɗi, da waƙa uku ko huɗu.

Fim ɗin da ya fi kusantar labarin girman matashi a 'yan shekarun nan shi ne Mansoor na 2017, wanda Ali Nuhu ya ba da umarni a ƙarƙashin kamfanin FKD. Ya zo ne a lokacin da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, masu shirya finafinai suka koma neman tsira a sinima. An yi kasada a cikinsa: aka ɗora fim ɗin a kan mawaƙi Umar M. Shareef, wanda jama'a suka fi sani da murya, da Maryam Yahaya, wadda a lokacin sabuwar fuska ce. Kasadar ta biya. Labarin ɗalibin da soyayya ta kai shi ga tambayar asalinsa ya karɓu, 'yan wasan biyu suka zama taurari.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Masana'antar ta riƙe fuskokin da waƙoƙin, ta saki tambayar da ta ba labarin nauyi. Finafinan da suka bi sahu suka cika da gidajen bene, motoci masu baƙin gilashi, da ɗaliban da ba a taɓa ganin sun damu da kuɗin makaranta ba.

Labari kafin komai

A nan ne duban ƙasar Filifin yake da amfani, domin masana'antarsu ta yi tarayya da ta Kano a abubuwa da dama: masu kallo masu son soyayya, al'umma mai riƙo da addini da zumunci, da labaran da matasa ke rubutawa a intanet kafin su zama fim. She's Dating the Gangster da Diary ng Panget, duka na 2014, daga irin waɗannan rubuce-rubuce suka fito, kamar yadda marubuta mata na Hausa ke sakin littattafansu shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad.

A 2019 kamfanin Star Cinema ya fitar da Hello, Love, Goodbye, wanda Cathy Garcia-Molina ta ba da umarni. Jarumar 'yar aikin gida ce a Hong Kong, ta yi karatun aikin jinya, tana ciyar da danginta, tana kuma tara kuɗin tafiya Kanada. Ta haɗu da saurayi, suka so juna, sannan lokacin zaɓi ya zo. Ta tafi. Fim ɗin ya tara fiye da peso miliyan 800, ya zama mafi samun kuɗi a tarihin ƙasar a wancan lokaci, kuma ci gabansa na 2024 ya haura biliyan ɗaya. Miliyoyin 'yan Filifin suna da uwa ko 'yar'uwa da ke aikatau a ƙasar waje, saboda haka abin da suka biya kuɗi suka kalla rayuwar gidajensu ce.

Arewa maso yammacin Jigawa tana da irin wannan labari a kowace unguwa. Ci-rani yana raba masoya duk bayan kaka. Kuɗin riɗi ko zoɓo na shekara ɗaya yana iya yanke hukuncin ko yarinya za ta ci gaba da karatu ko za a ɗaura mata aure. Tun da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a 2021, garin da aka fi sani da noma da kasuwa ya fara karɓar baƙin ɗalibai daga sassan ƙasar, kuma duk inda ɗan gari da baƙo suka zauna a benci ɗaya, labari ya samu. Marubucin da ya zauna wata guda a Kazaure yana sauraron ɗalibai da iyayensu zai koma da abin da ya fi ƙarfin fim ɗaya.

Sai dai a Kannywood ba a cika biyan marubuci da kyau ba, ba a kuma cika ba shi isasshen lokaci ba. Sau da yawa ana fara yin waƙoƙi, a tsayar da taurari, sannan a nemi wanda zai ɗinka labarin da zai haɗa su. Wanda ya fara gini daga rufi kuwa, ba ya mamakin tsagewar bango. Fim ɗin girman matashi yana buƙatar jarumin ya canza tsakanin farko da ƙarshe, ya rasa wani abu, ya gane wani abu. Irin wannan rubutu yana cin watanni, ana yi ana gogewa.

Wa zai hau matsayin?

A Filifin akwai tsarin haɗa saurayi da budurwa su riƙa fitowa tare shekara da shekaru, har masoyansu su haɗe sunayensu wuri guda, kamar Kathryn Bernardo da Daniel Padilla. Kano ma ta san wannan, tun daga Ali Nuhu da Fati Muhammad har zuwa Umar M. Shareef da Maryam Yahaya. Tsarin yana rage wa mai zuba jari fargaba, domin ya san akwai masu saye tun kafin a kunna kyamara. Amma abin lura shi ne fim ɗin da ya karya tarihi a Manila ya saɓa wa tsarin ne: aka haɗa Kathryn Bernardo da Alden Richards, wanda yake aiki da gidan talabijin ɗin da ke hamayya da nata. Bukatar labarin aka bi.

A finafinan Hausa, an saba ganin mai shekara 35 sanye da kayan makaranta yana wasan ɗan sakandare. Mai kallo yana haƙuri, amma ba ya gaskatawa. Kunyar ɗan shekara 19 a gaban mahaifin budurwa, da yadda yake rasa inda zai sa hannunsa, ba abin da gogaggen tauraro ke iya arowa ba ne. Mansoor ya nuna cewa sabuwar fuska tana iya ɗaukar fim. Abin da ya rage shi ne a mayar da wannan ƙa'ida: a yi tantancewa a fili, a harabar makarantun Kazaure da Babura, a ɗauki waɗanda Hausarsu da tafiyarsu suka dace da wurin, a ba su horo na makonni kafin ɗauka.

Wannan yana zuwa da amana mai nauyi, musamman a kan 'ya'ya mata. Jarumar fim ɗin Hausa tana ɗaukar tsangwamar da abokin wasanta namiji ba ya ɗauka. Korar da ƙungiyar MOPPAN ta yi wa Rahama Sadau a 2016 ta nuna yadda hukunci ke saurin sauka a kan mace, kuma hirar da BBC Hausa ta yi da Ladin Cima a 2022 ta tayar da ƙura kan ɗan abin da ake biyan wasu 'yan wasa. Uban da ke Roni yana jin waɗannan labarai a rediyo, kuma yana da hujja idan ya hana 'yarsa. Duk mai son ɗaukar yarinya daga irin wannan gida dole ya zo da yardar iyaye a rubuce, da yarjejeniyar da ta fayyace kuɗi da kwanakin aiki, da muharrami ko wata babba da za ta kasance tare da ita, da jadawalin da ba zai ci karo da jarrabawarta ba. Wanda ba zai iya wannan ba, ya bar 'yar mutane ta yi karatunta.

Inda za a kafa kyamara

Ƙasar Kazaure tana da abin da falon haya a unguwar Nasarawa ta Kano ba zai taɓa bayarwa ba. Akwai duwatsun da suka kewaye garin suka miƙa har Roni, akwai madatsar ruwa da masunta da masu noman rani, akwai fadar masarautar da ta samo asali tun zamanin Ɗantunku a farkon ƙarni na 19. Hasken la'asar a lokacin kaka, sa'ad da aka tara damman gero a gona, ya ishi mai ɗaukar hoto. Daga Kano kuma tafiyar ba ta kai awa biyu ba, saboda haka kayan aiki da ma'aikata ba za su yi nisa da gida ba.

An riga an gwada irin wannan a maƙwabta. Mai Martaba, wanda Prince Daniel ya ba da umarni, a Daura aka ɗauke shi, kuma shi Nijeriya ta miƙa wa gasar Oscar ta 2025. Fim ne na sarauta da tarihi, amma ya tabbatar da cewa ana iya kai babban aiki garin da ba Kano ba, a yi shi da mutanen wurin. Masu Hello, Love, Goodbye ma a titunan Hong Kong suka yi ɗauka, a wuraren da 'yan aikin gida ke taruwa ranar Lahadi, kuma wannan ne ya sa masu kallo suka yarda da abin da suke gani.

Ɗauka a irin waɗannan garuruwa tana da ladubbanta. Ana fara sallama da fada, a sanar da hakimi da dagaci, a zauna da malaman gari a karanta musu abin da za a yi. Rushewar shirin gina ƙauyen fim a Kofa a 2016 ta isa wa'azi: aikin da aka kawo wa jama'a ba tare da an shawarce su ba, ko da na biliyoyi ne, yana iya mutuwa a kan mumbari cikin mako guda. Idan kuwa an shigo ta ƙofa, mai abinci da tela da direba da mai gidan haya duk za su ci moriya, kuma su ne za su kare aikin.

Uzurin masu shiryawa

Masu zuba kuɗi suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa talaka ya gaji da ganin talauci, yana son ya huta da kallon daula. Suna cewa kwana 20 a wajen Kano yana ninka kuɗin masauki da mai da abinci, ga kasuwar da ta koma YouTube inda kuɗin talla ba ya da tabbas. Suna kuma tuna cewa Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido sosai a kan duk abin da ya shafi soyayyar matasa.

Amma Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya yi shekaru yana riƙe da masu kallo da labarin ƙaramin gari, da malamin tsangaya, da 'yan talla, ba tare da gidan bene ba. Batun tacewa kuwa, labarin da aka gina a kan zaɓi tsakanin karatu da aure, ko tsakanin zama da tafiya, ba ya buƙatar rawa ko riƙe hannu. Zance a ƙofar gida, ƙanwa tana zaune a gefe tana kasa kunne, ya fi kowace waƙar lambu ɗaukar hankali idan an rubuta shi da kyau. Kuɗin da za a kashe wajen hayar motoci da gidajen alfarma shi ne zai biya masauki a Kazaure.

Akwai kuma rawar da hukumomi za su taka. Ali Nuhu, wanda ya yi kasadar Mansoor, shi ne shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya tun Janairun 2024. Gwamnatin Jigawa da manyan makarantun yankin suna iya buɗe harabarsu, su sauƙaƙa izini, su haɗa gasar rubutun labari ga ɗalibai, a ɗauki wanda ya yi fice a biya marubucinsa watannin gyara. Wannan bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba.

Matashin da bai taɓa ganin irin rayuwarsa a allo ba yakan ɗauka cewa rayuwar ba ta kai a ba da labarinta ba, cewa soyayya da buri na masu gidan bene ne. Budurwar nan ta Gwiwa da saurayin nan na Roni suna kallon finafinan Hausa a wayoyinsu, suna sayen data da kuɗin da bai ishe su ba. Zangon karatu na gaba ma za a sake tsayuwa a bakin titin, wasu su hau motar Daura, wasu ta Kano. Abin da ya rage shi ne wani furodusa ya tura marubuci ya je ya tsaya tare da su.