Idon Mai Saye da Hannun Gwani

Duk sa'ad da aka taru ana zancen sana'o'inmu na gado, ko a gidan rediyo ne ko a wajen wani baje koli da hukuma ta shirya, kuka guda ake yi, wai gwanaye suna ƙarewa, tsofaffi suna komawa ga Mahaliccinsu, 'ya'yansu kuma sun ƙi zaman zaure sun tafi tuƙin babur. Ban musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma abin da na lura da shi, sakamakon yawan zama da maɗinkan riga da masu ɗinkin hula da sauraron hirar da suke yi tsakaninsu in babu baƙo, shi ne akwai wata hasara da ta riga wannan aukuwa, wadda ita ce ummulhaba'isin sauran, watau ƙarancin mutanen da za a miƙa wa aikin hannu su duba, su san abin da suke dubawa. Gwani bai taɓa rayuwa shi kaɗai ba; tilas a sami wanda zai gane gwanintarsa, ya biya ta da farashinta, ya kuma mayar masa da aiki in ya yi sakaci.

Bari mu fara da yinin mai ɗinkin babbar riga, irin waɗanda har yau ake samu a zaurukan birnin Zariya da lungunan Kano, domin wanda bai ga yadda ake kashe yini guda a kan ɗinkin da bai kai faɗin tafin hannu ba, da wuya ya fahimci abin da nake jayayya a kansa. Da yawansu malamai ne ko almajirai, gama tun can da ɗinki ya kasance sana'ar ma'abuta karatu, saboda aiki ne na zaune, mai tsabta, wanda ba ya hana baki tilawa. Bayan sallar asuba da abin da ya sawwaƙa na wuridi, mutum ba ya taɓa allura sai gari ya waye tangaran, sa'an nan ya jawo buzunsa bakin ƙofar zaure inda haske ke faɗowa, ya ɗora rigar a gwiwa. Zanen ba lalle shi ya yi ba. Akwai mai zane, wanda yake fitar da aska biyu ko aska takwas da tambari da gidan biyar a jikin ƙyallen da alƙalami da tawada, kuma galibi idonsa ne ma'auninsa. Mai ɗinki shi zai bi wannan sawu da allura, huda bayan huda, yana jan zaren da ƙarfi iri ɗaya tun hantsi har azahar, domin in ya matsa ƙyallen ya tattare, in kuwa ya sassauta ɗinkin ya kumbura, ya riƙa kama ƙura, ya soma tsinkewa tun wankin farko. Ana hira, ana amsa sallamar masu wucewa, ana ɓara goro, yaro ya fito da koko daga cikin gida ya ajiye har ya huce, amma hannu bai tsaya ba. In la'asar ta yi sakaliya, haske ya soma ja, sai ya naɗe kayansa, don ya ga abin da ɗinki a gaban fitila ya yi wa idon magabatansa. A haka ake cin watanni kafin riga ɗaya ta tashi.

Kafin ƙyallen ya iso gwiwarsa kuwa, hannuwa da yawa sun riga sun taɓa shi, in rigar ta asali ce. Mata sun gurje auduga sun kaɗa ta da mazari, masaƙi ya saƙa ta sirara masu faɗin 'yan yatsu kaɗan, an harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya, marini ya tsoma a karofi ya fitar, ƙyallen yana fitowa da launin kore-kore sai iska ta mai da shi shuɗi a gaban idonka. Zaren tsamiya, wanda ake samu daga saƙar wata tsutsa da ke sheƙa a jikin itatuwa, sai an dafa shi da ruwan toka kafin ya yarda a kaɗa shi. Alharinin da ake yi wa riga shafi da shi kuwa a da ta hamada fatake suke kawo shi daga Tarabulus. Daga ƙarshe mabugi ya shimfiɗa rigar a kan gungume, ya buga ta har ta ɗauki sheƙi.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a rayuwar waɗannan bayin Allah shi ne yadda suke duban aikin junansu. Ka miƙa wa tsohon maɗinki riga ko hula, ba zai tsaya kallon fuskarta ba kamar yadda ni da kai za mu yi. Juya ta zai yi ya dubi bayanta, inda babu mai gani, domin a nan ne amanar mai aiki take. Zai bi ta da babban yatsa yana laluben ƙulli, ya ɗaga ta wajen haske ya ga ko hudar ta daidaita, ya ɗan ja ta ya saki ya ga ko za ta koma yadda take. Sau da yawa yakan gaya maka inda hannu ya sake, watau inda maigida ya ajiye wani almajirinsa ya ɗauka, ya nuna maka inda aka yi gaggawa saboda Salla ta ƙarato, har ma ya ambaci unguwar da aka yi aikin. In aikin ya cika, ba ya yawaita yabo. Zai yi shiru na ɗan lokaci, ya sake dubawa, ya ce madalla, ya nemi sanin wanda ya yi, kuma za ka ga farin ciki a fuskarsa alhali bai da ko kwabo a cinikin. Wannan duba ilmi ne mai zaman kansa, kuma a da bai taƙaita ga masu sana'a ba: attajiri ya iya shi, dillalin riguna a kasuwar Kurmi ya iya shi, bafaden da ke kula da kayan sarki ya iya shi, hatta tsohuwar da ke haɗa wa jikanta kayan angwanci ta iya shi.

Malam Ibn Haldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya yi bayanin da ya dace da halinmu ƙwarai, inda ya nuna cewa sana'a malaka ce da ke zama a jikin mutum ta hanyar maimaitawa a gaban malami, kuma tana kyautatuwa ne gwargwadon yadda mutanen birni suke nemanta, tana kuma lalacewa in nema ya yi rauni. Tarihin Kano shaida ne a kan haka. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo birnin a 1851, ya tarar tufafin Kano suna kaiwa Murzuƙ da Ghat da Tarabulus da Tumbuktu, ya kuma ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Waɗanda suke sayen nan ba tausayin masaƙa ne ya sa su ba, ba kuma kishin al'ada ba. Buzun da ya tako hamada don turkuɗin Kura ya san turkuɗi sarai, ba a iya yi masa rufa-ido. Sarkin da zai tufatar da malami ko ya naɗa hakimi ya san darajar kowace riga a taskarsa, ya san wadda ta dace da wane. Tsananin idon mai saye shi ya riƙa tilasta wa gwani ya kai matuƙa, kuɗinsa kuma shi ya ba gwani sukunin zama ya kai ta.

Ko Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan Bagwariya da hotonta ke bayan takardar naira 20, kafin Baturen nan Michael Cardew ya ɗauke ta a makarantar ginin tukwane ta Abuja ta da, watau Suleja ta yanzu, a 1954, a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya fara ganin tukwanenta, domin sarkin ya riga ya gane su ya tara. Mukan ba da labarin kamar Turawa ne suka gano ta, mu manta cewa idon gida ne ya fara. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Takardar da ke ɗauke da hotonta kuwa yau da ƙyar take sayen alawa, kuma kaɗan ne cikin masu riƙe ta suka taɓa tambayar ko wace ce wannan mata da ke durƙushe gaban tukunya.

To, ina muke yanzu? Keken ɗinki ya zo tun tuni, ga kuma injin da kwamfuta ke sarrafawa, wanda yake cika gaban riga da ado cikin sa'o'i kaɗan. Ni ba na cikin masu tsine wa inji, hasali ma ina ganin rahama ne ga talaka, wanda da can ba ya ko mafarkin sa riga mai aiki, yanzu kuwa yana fita Idi da ita shi da 'ya'yansa. Illar tana wurin da aka daina rarrabewa. In mai saye bai san bambanci tsakanin abin da ya ci wata huɗu da abin da ya ci yini guda ba, to da farashin na yini guda zai taya duka biyun, kuma in maɗinki ya faɗi kuɗinsa sai a ce ya cika tsada, a tafi a bar shi da kayansa. Daga nan ɗayan biyu ne: ko ya bar sana'ar, ko ya rage mata inganci don ya daidaita da abin da ake biya, ya faɗaɗa huda, ya sa zare mai araha, ya kyautata fuska ya bar baya a hargitse, tun da ya tabbata ba wanda zai juya. Na biyun nan ya fi na farko muni, domin yana koya wa almajirai cewa haka aikin yake, kuma bayan ƙarni guda ba za a sami ko wanda zai tuna an taɓa yin wanda ya fi shi ba. Ga kuma algus, da wasu 'yan kasuwa suke yi ba kunya, su sayar da aikin inji da sunan na hannu ga wanda bai sani ba. Wannan kam ba sai an kira malami ya faɗi hukuncinsa ba.

Dubi sha'anin hula, wadda ita ce aikin hannun da ya fi saura da rai a cikinmu, tun da kusan kowane namiji yana sa ta. Mafi yawan masu ɗinka ta mata ne a cikin gidaje da samari, kuma tun bayan da fitina ta kori mutanen Bama daga garinsu a 2014, ɗinkin hula ya zama abin da da yawa daga cikinsu suke rufa wa kansu asiri da shi a Maiduguri da wasu garuruwa. Mace za ta yi makonni tana ɗinka hula guda, tsakanin girki da raino, dillali ya karɓa da abin da ya ga dama, a wanke, a ɗora a kan gungume ta miƙe, ta isa kanti a Abuja ko Kano da farashin da mai ita ba za ta taɓa ji ba. Alhajin da zai saya kuwa launi kawai yake dubawa, ko ya dace da shaddarsa. Da zai juya ta ya duba, ya tambayi hannun da ya yi, ya ce irin wannan hannun yake so a sake kawo masa, da dillali ya san cewa wannan matar ba a musanya ta da kowa, da kuma tilas ya ƙara mata.

Na san za a ce mini zamani ya yi tsanani, mutane ta abinci suke yi, wa ke da sukunin nazarin bayan hula? Gaskiya ne, kuma ba da mai neman na tuwo nake ba. Da masu hali nake, waɗanda suke kashe dukiya mai yawa a kan yadin da aka saƙa a ƙasashen Turai da agogon da ba su san wanda ya ƙera ba, amma in aka zo kan aikin ɗan'uwansu da ke bayan gidansu sai su tuna da tayi, su manta cewa araha ba ta ado. Imamu Gazali ya lissafa saƙa da ɗinki da noma cikin farillan kifaya, waɗanda in al'umma ta bar su baki ɗaya ta yi laifi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a cikin Usulus Siyasa, ya sa kula da masu sana'a cikin abin da ya hau kan shugaba. Ban isa in yi fatawa ba, amma a ganina wanda Allah Ya hore wa abin saye yana da kaso a cikin wannan nauyi, kuma ba ya sauke shi da jawabi a ranar bikin al'adu ko da kai baƙi su ɗauki hoto a marinar Ƙofar Mata.

Koyon duban nan kuwa ba shi da wuya kamar yadda ake zato, kuma malamansa suna nan da ransu, ba sa karɓar ko sisi. Duk maɗinkin da ka zauna wurinsa ka tambaye shi da ladabi, zai ajiye allura ya nuna maka, don an daɗe ba a tambaye shi ba. Sai dai wanda ya yi niyyar sa riga ta hannu ya san cewa ba a yi mata irin odar da ake yi wa tela ana saura kwana uku Salla. In don Babbar Salla kake so, tun kafin azumi za ka je, ku zauna ku zaɓi ƙyalle da zare da zane, ka ba da kafin alƙalami mai kauri yadda mutumin zai ci abinci yana aikinka bai karɓi na wasu uku ya haɗa ba, ka riƙa leƙowa lokaci lokaci kana ganin inda aka kai, ranar karɓa kuma ka juya bayanta a gabansa kafin ka cika masa kuɗinsa.