Maganar Fasa Tukunyar Hayakin Mota

Wata al'ada ta shigo garuruwanmu, tana kuwa samun karɓa wurin masu motoci, har muna ganin ya kamata mu yi magana a kanta tun ba ta zama jiki ba. Mutum ya yi shekaru yana tari, ko ya ci bashin ofis, ya sayi mota, sa'an nan da ƙafarsa ya kai ta gareji a ɗaga ta, a yanke wata tukunya da ke jikin bututun hayaki tsakanin inji da salansa, a farfasa abin da ke cikinta a zazzage, a mai da fanko a liƙe da walda. Wani ma ba ya mai da tukunyar, sai a sa masa miƙaƙƙen bututu a madadinta. In ka tambaye shi dalili, amsarsa biyu ce: wai motar za ta ƙara ƙarfi, kuma wai za ta yi ruri mai daɗin ji. Kanikawanmu suna kiran abin da ke cikin tukunyar nan indomi, domin ya yi kama da taliyar nan ta leda tun ba a dafa ta ba.

Da yawa daga masu ba da umurni a fasa ta ba su taɓa ganin cikinta ba, saboda haka bari mu bayyana. Wani dunƙulen tangaran ne mai ƙananan ƙofofi jere kamar saƙar zuma, a yawancin motoci har ƙofa 400 a kowane murabba'in inci guda. An shafe bangayen ƙofofin nan da ƙarafa uku masu daraja, watau filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda duka-duka nauyinsu bai wuce 'yan giram ba. Ba tankaɗe hayaki take yi yadda rariya ke tankaɗe gari ba. Idan ta ɗauki zafi kamar digiri 300, hayakin da ke ratsawa yakan gogi ƙarafan, sai dafin da ke cikinsa ya juye ya zama wani abu daban. Dafin kuwa iri uku ne: ragowar fetur da bai ƙone ba, da iskokin naitirojin oksaid masu ƙona huhu, da iskar kabon monoksaid. Wannan ta ƙarshe mun san ta sarai, ita ce ke halaka iyali dukansu cikin dare in an kwana da janareta a cikin gida. Ba ta da launi ba ta da wari, jini kuwa yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Tukunya lafiyayya takan kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na dafin nan uku kafin su fito.

Ba don ado aka ƙago ta ba. Tun 1943 mutanen birnin Los Anjeles na Amurka suka fara fama da wani irin hazo mai sa idanu hawaye da ƙaiƙayin maƙogwaro, aka yi ta zargin masana'antu, sai a farkon shekarun 1950 wani masani mutumin Holan, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hayakin motoci ne in rana ta dafa shi yake zama hazon. A cikin shekarun nan ne kuma wani injiniya Bafaranshe da ke zaune a Amurka, Eugene Houdry, ya ƙera tukunyar, amma ba ta yi amfani nan da nan ba, domin fetur na lokacin ana zuba masa dalma, ita kuwa dalma takan rufe ƙarafan ta kashe su. Sai da Amurka ta kafa dokar tsabtace iska a 1970, aka fito da fetur marar dalma, kāna motocin 1975 suka fito da tukunyar. Ƙasashen Turai suka wajabta ta a kan sababbin motocin fetur daga 1993. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka yi alkawari a Dakar a 2001 cewa za su bar fetur mai dalma, suka cika a farkon 2006, ƙasar ƙarshe a duniya da ta bari kuwa ita ce Aljeriya, a 2021. Duk wannan wahala aka sha domin tukunyar nan ta samu ta yi aikinta, mu kuma da guduma da guntun rodi muna gamawa da ita cikin rabin sa'a.

To, bari mu duba maganar ƙarfi, mu yi mata adalci, gama ba daga sama ta faɗo ba. Tukwanen farko na shekarun 1970, musamman waɗanda aka cika da ƙananan duwatsu kamar tsakuwa, lalle sun shaƙe injuna, direbobin lokacin kuwa ba su yi ƙarya ba da suka ce motocinsu sun yi nauyi. Amma wannan zance ya tsufa. Saƙar zumar da ke cikin motocin da muke hawa yanzu hayaki na ratsa ta a sauƙaƙe, an kuma ƙera injin ne tun asali da saninta. In aka cire lafiyayya daga injin da ba a canza masa komai ba, abin da ake samu bai wuce ƙarfin doki kaɗan ba a motar da take da 130 ko 150, shi ma sai an take totur har ƙasa inji na kuka. Malamin makaranta da ke zuwa aiki cikin cunkoson gari, yaushe zai kai nan? Abin da ke faruwa kunne ne ke ruɗin ƙafa: mutum ya ji ƙara ta daɗu, sai ya ɗauka gudu ne ya daɗu.

Mun san wani zai ce, “Ni fa ganau ne ba jiyau ba. Motata ba ta iya hawan tudu, da aka fasa indomin sai ta tashi kamar sabuwa.” Ba mu ƙaryata shi ba. Tukunya takan toshe, in kuwa ta toshe inji ba ya iya fitar da numfashinsa, mota ta yi sanyi, ta yi ta shan mai, ta yi zafi. Amma tambayar da bakanike na kirki zai yi ita ce, me ya toshe ta? Ita ba ta da abin da ke juyawa a ciki balle ya cinye, an kuwa yi ta ne ta yi shekaru masu yawa. In fulogi ya mutu, ɗanyen fetur ya riƙa gangarowa yana kama wuta a cikinta, sai tangaran ɗin ya narke ya dunƙule. In ringi ya cinye inji na shan baƙin mai, toka ta liƙe ƙofofin. In ruwan lagireto na yoyo cikin inji, haka. In ana sha mata gurɓataccen fetur ko mai yawan farar wuta, ta raunana. A duk waɗannan, inji ne ba shi da lafiya, tukunya ta kwashi cutar. Wanda ya fasa ta ya tafi yana murna ya bar jaki yana dukan taiki, domin fulogin yana nan a mace, ringin yana nan a cinye, baƙin man da dā yake maƙalewa a tukunya yanzu hancin jama'a yake zuwa, ranar sauke inji kuwa ba a ɗaga ta ba ko da kwana guda.

Akwai kuma wata hasarar da ba a faɗa wa mai mota. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996, irin waɗanda suka cika titunanmu, suna da na'urar sansano hayaki guda kafin tukunya, guda kuma bayanta. In ta baya ta ji hayakin bai canza ba, sai ta gaya wa kwamfutar motar, fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Daga nan sai a liƙe ta da baƙin salatif, ko a zare ƙwan gaba ɗaya. Ran da wata cuta ta gaske ta taso, ba mai faɗa masa.

Maganar ƙara kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Salansa ce mai aikin kashe ƙara, tukunya ɗan taimako take yi, in aka bar ta fanko abin da ake samu kwaramniya ce kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Samarin da ke sha'awar wannan suna kwaikwayon motocin tsere ne da suke gani a majigi da wayoyinsu, sun manta waɗancan a killataccen fili ake tserensu, ba a ƙofar asibiti ba. A Amurka, tun gyaran dokar 1990, laifi ne ko ga mai motar kansa ya cire tukunyar daga motar da ke hawa titi. A Ingila motar da aka yi da tukunya in aka same ta babu, ba ta cin jarrabawar shekara-shekara. Duk malamin da ajinsa ke bakin hanya ya san sau nawa yake yin shiru a tsakiyar darasi har wani ɗan gata ya gama wucewa.

Wa ke cin ribar abin, tun da mai mota bai ci ba? Ƙarafan nan uku ba a ko'ina ake samunsu ba. Afirka ta Kudu kaɗai ke haƙo kusan kashi 70 cikin 100 na filatinam na duniya. A watan Maris na 2021 oza guda ta rodiyam ta kusa dala 30,000, alhali zinariya tana wajen dala 1,700. Farashin ya sauko daga baya, amma garin da ake zazzagewa daga tukunya bai rasa masu saye ba. A Nuwamba 2022 hukumomin Amurka suka gurfanar da mutum 21 bisa zargin cinikin tukwanen sata, kuɗin da aka ambata ya haura dala miliyan 545. Ba mu ce kanikawanmu duka haka suke ba, Allah ya kiyaye, yawancinsu mutane ne masu cin guminsu. Amma in wanda ya ba ka shawarar a fasa shi ne kuma ya share garin ya ƙulle a leda ya kai wa 'yan gwangwan, ya kamata ka sake auna shawarar. Wani zubin ma ba a nan aka yi ɓarnar ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo, masu bincike na gwamnatin Holan kuwa da suka duba waɗanda ke jiran jirgi a tashoshinsu sun tarar an yanke wa wasu tukwanensu tun a can.

Mai biyan kuɗin kuwa ba ya cikin motar. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Bututun hayaki baya yake kallo, tsayinsa daga ƙasa kuwa ya fi kusa da fuskar yaro. Wanda ya tsaya a Bata ko bakin Kantin Kwari a Kano da yamma zai ga masu shaƙa: 'yan talla, da almajirai, da masu ba da hannu, da matan da ke cikin A Daidaita Sahu da goyonsu. Da hunturu abin ya fi muni, domin sanyin safiya yakan danne hayaki a ƙasa ya haɗu da ƙura, masu ciwon fuka da tsofaffi su kwana tari.

Doka ba ita muka rasa ba. Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin hayakin motoci tun 2011, ƙasashen ECOWAS kuma a 2020 suka amince a rage farar wutar da ke cikin mai zuwa kashi 50 cikin miliyan, a kuma ƙayyade irin motocin da za a riƙa shigowa da su. Abin da ya rage shi ne awo. Muna roƙon gwamnatocin jihohi su ba jami'an duba motoci na'urar auna hayaki, su sa ta cikin sharuɗɗan takardar lafiyar mota kamar birki da fitila, a kuma riƙa duba ƙarƙashin mota tun a tashar jirgi da kan iyaka. Hukumomin mai su ma da nasu nauyin, gama ba adalci ba ne a ce wa talaka ya riƙe tukunyarsa alhali ana sayar masa da fetur mai kashe ta. Shugabannin ƙungiyoyin kanikawa kuwa su suka fi kowa sanin wanda ke wannan ciniki a garejinsu.

Ga masu karatunmu, malamai da akawuna, mun san sabuwar tukunya tana da tsada, albashi kuwa ba ya miƙewa. In an ce muku ta toshe, ku ce a nuna muku abin da ya toshe ta, a gyara shi tukuna, sa'an nan a nemi wata a sa, ko da ta hannu ce mai lafiya. Tsohuwar kuwa ku karɓi abarku, kuɗinta zai rage muku na sabuwar. In za ku sayi motar Kwatano, ku sa a ɗaga ta ku duba ko akwai sabon tabon walda a jikin tukunyar, ku ƙwanƙwasa ku ji ko fanko ce. Sa'an nan ku murɗa makulli ba tare da kun ta da inji ba: fitilar gargaɗin inji ya kamata ta kama, in inji ya tashi ta mutu. In ba ta kama ba sam, ku tambayi dillalin inda ƙwanta ya tafi.